Auna Bayanin Manhaja ga Wakilin Ƙirƙirarriyar Basira: Gwaji da Kalmar "Daurawa"

Wakilin ƙirƙirarriyar basira ba ya ganin cikin manhajar da yake kira. Abin da ke gabansa shi ne sunanta, da gurabenta, da 'yan layukan da aka rubuta kan aikinta, kamar yadda tsarin MCP na kamfanin Anthropic, wanda ya fito a Nuwamban 2024, ya tanada. Ke nan zaɓinsa ya rataya ne a kan ingancin wannan bayani.

Ana auna bayanin ta hanyar tara tambayoyi, a duba ko wakilin ya ɗauki manhajar da ta dace, ya kuma cike gurabenta daidai, sannan a gyara bayanin a sake gwadawa.

A nan ne masanin Hausa yake da abin cewa. "Daurawa" mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Tarauni ta Kano, kuma jam'in "Badauri" ce, wato mutumin Daura. "Ina Daurawa take?" tambayar wuri ce da ke buƙatar manhajar taswira. "Ina Daurawa suke?" kuwa tambaya ce kan jama'a. Bambancin duka yana cikin "take" da "suke", kuma bayanin da ya tsaya a "tana nemo wuri" bai gaya wa wakilin lokacin da zai ƙyale taswira ba, alhali wannan ne rabin aikinsa.

Haka batun ƙugiya. Idan rumbun bayanai ya adana "Gyadi-Gyadi", mai tambaya kuma ya rubuta "Gyaɗi-Gyaɗi", binciken na iya dawowa wayam, sai fa in bayanin ya fayyace rubutun da gurbin yake karɓa.