Zuwa Ga Ƙannena Ɗalibai: Ku Zauna Bayan Manya Sun Tashi



A unguwar Gwammaja ta birnin Kano akwai gidan da Malam Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa ranar 17 ga Afrilu, 1983. Yau gidan yana hannun Jami'ar Bayero, an mai da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, kowa kuma ya san shi da Gidan Mambayya. Farfesa Attahiru Jega ya shugabanci cibiyar kafin ya zama shugaban jami'ar, sannan shugaban hukumar zaɓe a 2010. A zauren Sa'adu Zungur da ke ciki ake yin laccoci da taron ƙara wa juna sani, har da laccar tunawa da Malam duk shekara.

Da yawanku kuna zuwa irin waɗannan tarurruka, amma sai in malami ya ce za a ɗauki suna, ko an ji ƙishin-ƙishin kuɗin mota. A zauna can baya ana latsa waya. Babban baƙo yana gama jawabi, jiniya ta tashi, 'yan rakiya su bi shi, ku ma ku bi su. To, a daidai lokacin ne taron yake farawa. Mai maƙalar da ya yi wata da watanni yana tono alƙaluma sai ya karanta wa kujeru.

Ga misalin abin da kuke bari a baya. Tun kafa jam'iyyar NEPU a 1950 ake kuka da haraji da jangali, da wulakancin da talaka ke sha wurin karɓarsu a zamanin En'e. Da jam'iyyar PRP ta ci Kano a 1979, Gwamna Abubakar Rimi ya soke su, talakawa suka yi murna, kuma sun cancanci murnar. Wannan kowa ya haddace. Abin da ba a faɗa a dandalin siyasa shi ne: da me aka cike gurbin kuɗin? Ƙaramar hukumar da ba ta karɓar komai daga hannun manomi, tana jiran kason tarayya kawai, wa take jin tsoro, manomin ko mai sa hannu a raba kason? Har Kotun Ƙoli sai da ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ba ina cewa a dawo da jangali ba ne, Allah ya kiyaye. Ina nuna muku cewa manufar gwamnati, ko mai kyau ce, tana da wutsiya, kuma a irin wannan zaure ake bin ta har ƙarshe.

Saboda haka ku je da shiri. Ku san taken laccar tun da wuri, ku karanta wani abu a kai. In aka ba da damar tambaya, ka miƙe, ka faɗi sunanka, ka yi tambaya ɗaya gajera. Ban da kirari ga manyan baƙi, ban da mai da tambaya wata laccar. "Ranka ya daɗe, daga ina kuɗin zai fito?" ta isa. Ku kuma ƙannena mata, kada ku bar wa maza makirufo. Hajiya Gambo Sawaba kurkuku ta sha a kan magana, ku ɗaga hannu kawai ake nema.

In an tashi, ku leƙa ɗakin kayan tarihin Malam, ku kuma nemi kwafin maƙala wurin mai ita. In ya ambaci wani adadi da kuke shakka, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar rubuta wa ma'aikatar tarayya da abin ya shafa, ita kuma ta amsa cikin kwana 7. Ku riƙe kwafin takardar da aka buga wa hatimin karɓa.

Ku gaida mutanen gida.

Wassalam,
Yayanku