Amsoshin Tambayoyinku: Tattaki Ba Gaira Ba Dalili?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Goronyo. Kwanan baya ƙanena da ke karatu a Ingila ya turo mini bidiyo, ga shi cikin wasu baƙar fata, har da mata masu hijabi, kowa da jaka a baya suna hawan tsauni. Ya ce ba wurin kowa za su ba, tafiyar ce kawai abin sha'awar, kuma wai har ƙungiyoyi aka kafa don jawo baƙar fata cikin harkar. Abin ya burge ni, don likita ya daɗe yana mini faɗa kan hawan jini da yawan zama. Da na kawo maganar a majalisarmu sai aka bushe da dariya, wani ya ce wannan aikin Turawa ne da ƙoshi ya yi wa yawa. To me ya sa sai an lallashi baƙar fata kafin su yi tafiya? Mu kuma da ba mu da tsauni, ga halin da dajinmu ke ciki, abin zai yiwu kuwa?

Daga wani malami, Goronyo

Amsa: Malam, Allah ya ƙara lafiya.

Kada ka ji haushin mutumin majalisarku, yana da rabin gaskiya. A wurinmu ƙafa motar talaka ce. Wanda ya tashi yana taka sayyada zuwa gona da kasuwa da makaranta, ranar da Allah ya hore masa babur ya yi sallama da tafiyar ƙasa ke nan, ko masallacin bayan gida sai ya tayar da inji. In aka ga mai albashi yana tafe a ƙasa cikin ƙura, abu biyu ake zato: ko babur ya lalace, ko aljihu.

Na taɓa gani da idona. Wani hunturu na sauka gidan wani abokina a ƙasar Wurno, da aka sallame asuba na ce bari in miƙe ƙafa zuwa fadama. Kafin in bar bayan gari 'yan kabu-kabu uku sun tsaya mini, na ukun har cewa ya yi in hau ko ba kuɗi. Can gaba na ci karo da wani dattijo yana kora jaki da buhunan albasa. Muka gaisa, ya ce, "Malam, mi kaka biɗa?" Na ce ba komai, Baba, tafiya kawai nake yi. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Allah shi sawwaƙe," ya daki jakinsa ya wuce. Har yau ina jin ya ɗauka taɓin hankali ne. Da na ce masa za ni duba gonar wani, ko za ni gaida mara lafiya a ƙauyen gaba, da addu'ar alheri zai bi ni da ita. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Matsalar 'yan'uwanmu na Turai da Amurka daban ce. Su ba kunya ta hana su ba, hana su aka yi. A kudancin Amurka, zamanin dokokin wariyar launin fata, wuraren shaƙatawa na gwamnati ma raba su aka yi. A gandun Shenandoah da ke jihar Bajiniya, a shekarun 1940, an keɓe wa baƙar fata wani ɓangare guda mai suna Lewis Mountain, nan kaɗai ne nasu. Ga kuma abin da ya fi doka nauyi: daji shi ne inda ake farautar bawan da ya gudu da karnuka, a kan bishiya kuma ake rataye baƙar fata. Kakar da ta ga wannan ba za ta ce wa jikanta je ka daji ka sha iska ba. An soke dokokin wariya a 1964, amma tsoron ya riga ya zama gado. Shi ya sa wata mata, Rue Mapp, ta kafa Outdoor Afro a birnin Oakland a 2009, don mutane su fita a ƙungiyance, kowa ya ga mai kama da shi a kan hanya.

A Ingila kuwa baƙi sun taru ne a manyan birane inda aiki yake, karkara ta zama ta fararen fata kusan zalla. Rhiane Fatinikun ta kafa Black Girls Hike a 2019, Haroon Mota kuma ya kafa Muslim Hikers a 2020, kuma ina kyautata zaton irin waɗannan ne ƙanenka ya bi. Ranar Kirsimeti ta 2021 Musulmin nan fiye da ɗari suka hau wani tsauni da ake kira Mam Tor. Da hotunan suka bazu sai wasu suka yi musu ca da zagi, wai sun zo ɓata wuri. Ka ga ke nan lallashin da kake tambaya ba na ragwanci ba ne. Mutum ne aka daɗe ana nuna masa cewa wurin nan ba nasa ba ne, har ya yarda.

Kai kuwa, Malam, wa zai ce maka ƙasar Rima ba taka ba ce? In ana maganar tafiyar ƙasa, mu ne ya kamata mu buɗe makaranta. Fatake sun yi ta zarya tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja neman goro, tafiyar watanni da jakuna. Alhazan da sun tafi Makka a ƙasa ta Barno da Sudan, wasu shekaru suke yi a hanya, wasu can suka yada zango har abada. Shehu Usmanu da jama'arsa sun yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Bafulatani har gobe yana bin shanunsa daga mashekari zuwa mashekari. Baturen Jamus ɗin nan, Barth, da ya zo Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, sai da ayarinsa ya yi kwana da yini yana ratsa dajin Gundumi ba tare da yada zango ba, saboda ƙarancin ruwa da tsoron hari. (Ashe Gundumi ba yau ya fara ba.) Ko a 2015 ai mun ga Suleiman Hashimu ya tako daga Legas har Abuja cikin kwana 18 don murnar zaɓe, aka yi ta yayin tattaki a faɗin ƙasar nan.

Amma misalin da ya fi kwanta mini shi ne na 'yan taru. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara yadda matan ƙauyuka za su riƙa zuwa ɗaukar karatu: a kowane gari akwai jaji, dattijuwa mai ilimi da aka naɗa da malfa, ita ke jan ayarin tsofaffi da 'yan mata su tako a ƙasa har inda Nana take, su koyi waƙoƙin wa'azi, su koma su koyar. Hanyoyin ƙasarku ne waɗannan matan suka bi. Duk wanda ya ce maka tattaki a ƙungiyance baƙon abu ne, ko bai dace da mace ba, ka tuna masa da malfar jaji.

Abin lura shi ne duk tafiye-tafiyen nan suna da suna: fatauci, hajji, hijira, kiwo, neman ilimi. Abin da ya zo mana sabo shi ne tafiya ba gaira ba dalili, shi ne kuma dattijon nan mai jaki ya nema mini sauƙinsa. Shawarata, kada ka tsaya gardamar cewa tafiya don tafiya abu ne mai kyau. Ka raɗa wa taka suna. Ka ce ziyara za ku, ko zumunci, ko za ka nuna wa ɗalibai abin da suke karantawa a littafi, ko kuma ka ce likita ne ya rubuta maka, tunda gaskiya ne. Manzon Allah (SAW) ma yakan je masallacin Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a kan abin hawa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba baligi shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato rabin awa sau biyar. Tafiya da ɗan sauri, irin wadda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba, ta wadatar. Sai dai kada ka ajiye maganinka don ka fara tafiya, ka kuma gaya wa likitan kafin ka fara doguwa.

Batun tsauni kuwa, ba sharaɗi ba ne. Wanda ya matsu da hawa, ga Dala a Kano, ga Kufena a Zariya, ga duwatsun Shere a Jos, ga Chappal Waddi a Taraba mai tsayin mita 2,419, wanda babu kamarsa a Nijeriya. Amma ku abin da Allah ya ba ku ruwa ne da fadama. Madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 bangonta ya haura kilomita 12. In hukumar da ke kula da ita ta ba ku izini, ɗan yanki kaɗan na wannan bango ya ishe ku safiya guda, ruwa a hannu ɗaya, gonaki a ɗaya. Ga hanyoyin da ke bin magudanan noman rani, tsakanin albasa da tafarnuwa da alkama. A Wurno ga hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a can a 1837, ga tudun da garin ke kai yana kallon fadama, kana hawa za ka gane dalilin da ya sa ya zaɓi wurin ya yi ribaɗi. A Rabah ga garin da aka haifi Sardauna. Yara nawa ne a ajinka suka san waɗannan da ido, ba a allo ba? Nawa ne za su iya bambanta giginya da goruba daga nesa, ko su gaya maka abin da ya sa gawo ke kore shar da rani ya kuma zubar da ganye da damina, sauran itatuwa na yin akasin haka?

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ba zan ɓoye maka ba, ba zan kuma ba ka shawarar da za ta sa a yi zaman makoki ba. Kai ka fi ni sanin abin da ya faru a kasuwar Goronyo ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, da aka kashe mutum fiye da 40, ka kuma san abin da ƙauyukan Rabah irin su Gandi da Tabanni suka sha. Manomi ma da gonarsa ke ciyar da shi yana shakkar nisa, balle mai yawon motsa jini. Don haka daji ba naku ba ne yanzu. Gundumi da duk abin da ya yi kama da shi, ko da wasa. Iyakarku inda kuke hango rufin gari, kuna jin muryar masu aiki a gona, waya kuma tana da sabis. Ranar da aka kwana da jita-jita, a fasa. Zagaya filin makaranta sau goma ma tafiya ce.

Akwai wani haɗarin da mutane ba su cika tunawa da shi ba. A ƙasar da kowa ke zargin kowa da zama infoma, taron maza da jakunkuna a baya suna ɗaukar hoton hanyoyi da waya abin tsoro ne, kuma zargi irin wannan ba ya jiran bayani. Kafin ku fita ko sau ɗaya, ku je wurin mai unguwa da hakimi, ku sanar da 'yan sintiri ranar da hanyar da yawanku. In za ku shiga wani ƙauye, a samu ɗan garin ya tarye ku. Ku yi sallama ga duk wanda kuka tarar, kada ku ɗauki hoton mutum ko gidansa ko shingen jami'an tsaro. Kada kuma a sanar wa duniya a Facebook cewa gobe ƙarfe kaza za mu bi hanya kaza. In an dawo lafiya a sa hotunan.

Sauran duk mai sauƙi ne. Lokacinku daga Nuwamba zuwa Fabrairu, daga sallame asuba zuwa hantsi. Watan Afrilu, da zafin ƙasar Sakkwato ke haura digiri 40, ko jaki inuwa yake nema. Ba ka bukatar takalmin dubban nairori irin na bidiyon ƙanenka. Kambas na gwanjo mai rufe yatsu da safa ya isa, saboda ƙaya da ƙarangiya da kububuwa, wadda ba ta son a taka ta cikin busasshiyar ciyawa. Ka ɗauki gorar ruwa babba, malfa, sanda, dabino ko ƙuli-ƙuli a aljihu. A fara da kilomita uku ko huɗu, abin da bai wuce awa guda ba, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Kada a ratsa shukar mutane, a bi kunya-kunya ta gefen gona. Ku ari tsarin fatake: madugu mai yanke shawara, jagaba a gaba wanda ya san hanya, sai kuma mutum guda mai haƙuri a can baya wanda ba ya wuce kowa. Tafiyar mafi rauni ita ce tafiyar ayari. Malamai mata da matan gida su ma za su iya haɗa nasu ayarin da tasu jajin, da yardar gida, a hanyoyin kusa.

Mutum biyar sun isa a fara. Shi kuma mai dariyar nan na majalisa, kada ka bar shi a baya. Ka ce masa ranar Asabar za ku gaida wani tsohon ɗalibinka da ke noman albasa a bakin magudana, ya kuma yi alkawarin shayi da ƙosai mai zafi. Ka ba shi fulas ɗin ya riƙe.