Kafin Ka Koma Taron Tsofaffin Ɗalibai a Akara

'Yan'uwa na Mayahi da Tasawa da kuka taɓa zuwa kwas ɗin gina zaman lafiya a waje, misali wanda ƙungiyar WANEP ke shiryawa a cibiyar Kofi Annan da ke Akara: idan gayyatar taron tsofaffin ɗalibai ta iso, kada ku tafi hannu rabbana. Da yawa suna zuwa ne a sha hira, a ɗauki hoto, su dawo da jakar taro kawai.

Ka je da labari ɗaya na gida da ka sani ciki da bai. Wane burtali aka cinye da noma a Gulbin Kaba? Yaya aka sanya ranar sakin gonaki bara, wa ya saɓa? Zauna da mai gari, da arɗo, da 'yan kwamitin filaye (Cofo) da dokar karkara ta 1993 ta tanada, ka ji bakin kowa. Wanda ya san rikicin manoma da makiyaya da ya faru a Toda a 1991 ba ya raina rigimar gona da saniya.

Amma a kula. Kada ka ambaci sunan masu rigima ko ka nuna hotonsu ba da izininsu ba. Abin da aka faɗa a Akara yakan riga ka isowa gida ta WhatsApp.

Duba fasfo da katin allurar shawara da wuri, ka tambayi sharaɗin shiga Gana, tunda Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025. In ka dawo, fara da waɗanda suka ba ka labarinsu, ka gaya musu abin da aka ce.