Hattara da Wuta a Lokacin Hunturu

Da zarar an gama yankan gero da dawa, aka shiga watan Nuwamba, sai iskar hunturu ta fara kaɗowa Katsina daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da ta kwaso tun daga ƙasar Chadi. Iska ce marar laima ko kaɗan. Tana tsage leɓe, tana fasa dunduniya, tana busar da kyasuwa da gamba da karan dawa su yi ƙayau. Daga nan har zuwa zafin Maris da Afrilu, ƙasarmu jiran ashana ɗaya kawai take yi.

Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 za su gaya maka cewa damina ta sake hali. Yanzu ruwa kan zubo da yawa cikin 'yan kwanaki, kamar wanda ya jawo ambaliyar Jibiya a watan Yuli na 2018, sannan ya ɗauke ba shiri. Ciyawa ta yi tsawo, ta bushe da wuri, rani ya yi nisa. Ke nan makamashi ya ƙaru, ruwan kashe wuta ya ragu.

Babban abin da ya sa aka rubuta wannan takarda shi ne cinna wa ciyawa wuta da gangan. Fita bayan gari da la'asar, ta hanyar Kaita ko Batsari ko Dutsinma, ka ga samari da karnuka da sanduna sun kewaye ramin gafiya, sun tura wuta don hayaƙi ya koro ta. Gafiyar ta fito, an bi ta da ihu, wutar kuwa ba wanda ya waiwaye ta. Can kuma ga manomi yana sharar gona da wuta don ƙyashin biyan 'yan ƙodago. Alhali gari ya riga ya tarar da gona: ga sababbin gidaje, ga kara an jingine a katanga, ga harawar wake a kan bishiya, ga rumbu.

Wuta a hunturu tamkar ingarman hawan Sallah ce, wanda ya sha dawa da kanwa ya ƙoshi. Muddin linzami na hannun mahayi, sai ya yi ta rangaji a Ƙofar Soro, mata na guɗa, kowa na sha'awa. Amma bari linzami ya tsinke a tsakiyar taro, nan za ka ga bai san mai shi ba, bai san wanda ya yanko masa ciyawa ba, mai tallar fura da jikan basarake duk ɗaya ne a ƙarƙashin kofatonsa. To, wanda ya kunna wuta iska na kaɗawa, shi ya tsinke linzamin da hannunsa.

Kuma kada wani ya ce toka taki ce. Wuta na cinye ganye da ɓuntun da za su ruɓe su ciyar da ƙasa, tokar kuma iska ta kwashe, a bar fili fayau. Wutar tana kuma kashe 'yan tsiron gawo da kalgo da aduwa da ake lallaɓawa su tare Hamada. Katsina na cikin jihohi 11 da ake dasa itatuwan shirin nan na babbar katangar bishiyoyi, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Wani na dasawa yana ban ruwa da jarka, wani na ƙonewa saboda gafiya. Wannan wane irin rashin tunani ne? Makiyayi ya rasa abin kiwo, ya karkata zuwa gonar rani, rigima ta tashi. Manzon Allah (SAW) ya hana ƙona gidan tururuwa, ina ga dukiyar maƙwabci? Kai mahaifin da ke ganin ɗanka ya fita da ashana da kare ka yi shiru, da kai za a tambaya.

In sharar ta zama dole, a sanar da mai unguwa, a share layi mai faɗi kewaye da gonar, a tara yayin wuri guda, a kunna da sassafe kafin iska ta tashi, kada a bar wurin sai an bi garwashin da ƙasa.

Sauran matakan kiyaye gobara a gida da kasuwa kuwa kowa ya sani. Kaskon wuta ba ya kwana a ɗaki; an yi gobara a wani gida a Madina, Annabi (SAW) ya yi umarni a riƙa kashe wuta kafin barci. A cire hita in an ɗauke lantarki, kada a ajiye fetur a zaure, a taka guntun sigari, a daina ƙona bola kusa da shaguna. 'Yan kasuwa kuma, bayan abin da gobarar watan Maris na 2021 ta yi wa babbar kasuwar Katsina, su janye tebura da rumfunan da suka toshe hanyar da motar 'yan kwana-kwana za ta bi.