Ƙari ko Jakar Ruwa? Wani Darasi a Kan Tafinta

'Yan'uwa ɗalibai, Hausa ba harshena na gado ba ne, a kasuwar Wuse na fara tsintar ta. A hutun da ya wuce na raka wani dattijo maƙwabcinmu asibiti, aka yi masa hoton ciki saboda matsalar fitsari. Sai aka ci karo da abin da likita ya kira cyst a ƙodarsa ta hagu. Ni kuwa na ce, “Baba, ƙari ne.” Nan take ya yi salati, don shi da ya ji ƙari, sankara ya ji.

Laifina ne. Ƙari tsiron nama ne. Abin da aka gani kuwa 'yar jaka ce zagayayya mai siririn bango, ruwa zalla a cikinta. Irinta na yawaita bayan shekara 50, galibi ba ciwo ba alama. Tun 1986 wani likitan Amurka, Morton Bosniak, ya kasa irin waɗannan jakunkuna aji-aji. Ajin farko, wato tasa Baba, ba ya bukatar tiyata ko magani. Wadda ake sa wa ido ita ce mai kaurin bango, ko mai shamaki a ciki, ko mai tsoka. Haka nan daban take da cutar gado mai cika ƙoda biyun da jakunkuna.

Na gwada “bororo”, amma wannan na fata ne. “Maruru” kuma mugunya gare shi. Da na ce “jakar ruwa”, Baba ya dube ni ya ce, “To ɗana, ka faɗi haka tun farko mana!”