Darasin Tarihi: Ganuwar Katsina da Hasumiyar Gobarau

Wani manomi ɗan ajin yaƙi da jahilci na Barkiya ya kai wake birnin Katsina. Da motarsu ta kusa shiga gari, sai ya hangi allo a bakin titi. Ya haɗa baƙaƙen da kansa, ya karanta: Ƙofar Ƙwaya. Ya yi murna ƙwarai, domin shekara da shekaru yana wucewa ta nan bai iya karanta allon ba. Amma da ya duba dama da hagu, bai ga katangar da ƙofar ke jiki ba. Sai shaguna da gidaje da motoci.

Da ya komo gida, sai ya tambayi malamin ajinsu. Ya ce, "Malam, ƙofa ai a jikin gini take. To, ina ginin da Ƙofar Ƙwaya ke jiki?"

Malam ya ce, "Baba, ka yi tambaya mai amfani. Ginin nan shi ake kira ganuwa. A da ta kewaye birnin kaf. Yanzu saura kaɗan ta ƙare."

Darasin wannan wata amsa ce ga tambayar wannan manomi.

Mece Ce Ganuwa?

Ganuwa doguwar katanga ce mai kauri wadda ake kewaye gari da ita don tsaro. Da ƙasa ake gina ta. Gindinta yana da faɗi, samanta kuma yana tsukewa. A bayanta akan haƙa rami mai zurfi, a bar sarƙaƙiya ta tsiro a ciki, don kada doki ya iya matsowa. Daga ciki kuma akan yi wurin tsayawa, inda maharba ke laɓewa da kwari da baka.

Ganuwar Katsina doguwa ce ƙwarai in an kewaya ta. Mai tafiya a ƙasa zai daɗe yana tafiya kafin ya komo inda ya fara. Ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. A cikinta akwai gonaki da rijiyoyi da wurin kiwo. Dalili shi ne, in abokan gaba sun tsare ƙofofi, mutane za su sami abin ci da abin sha. Haka kuma mutanen ƙauyukan kusa sukan gudo ciki da iyalinsu da dabbobinsu in an ji labarin hari.

Wa Ya Gina Ta?

Tarihin Katsina ya danganta ginin babbar ganuwa da Sarki Ali Murabus, wanda ya yi sarauta bayan zamanin Sarki Muhammadu Korau. Sarakunan da suka biyo baya sun yi ta gyara suna ƙari. Sauran manyan biranen ƙasar Hausa su ma suna da tasu. A Kano, Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa, shi da ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. A ƙasar Zazzau kuwa, har yau ana kiran tsofaffin katangun garuruwa da yawa ganuwar Amina.

Sarki shi ke ba da umurni, amma ba shi ke kwaɓa ƙasa ba. Talakawa ne suka yi aikin da hannunsu: mutanen birni, da mutanen ƙauye, da bayi. Da rani, bayan an gama aikin gona, sai a yi shela. Kowane mai sarauta ya zo da mutanensa, a ba su yankin da za su gina ko su gyara. Wasu na haƙar ƙasa, wasu na jidar ruwa, wasu na kwaɓi, makaɗa na zuga su. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka ganuwa ba kayan sarakuna kaɗai ba ce. Gumin kakannin talakawa na cikinta.

Yadda Aka Yi Ginin

Duk wanda ya taɓa gina ɗaki ko rumbu a ƙauye ya san hikimar. Ana haƙo ƙasa mai danƙo, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a bar ta ta tsumu. Sai a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. In ya bushe, magina su jera shi sahu bisa sahu, suna cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Daga nan a yi yaɓe. A muhimman gine-gine akan shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ta rage shigar ruwa. Rufin zauren ƙofa kuwa da azarar giginya ake yin sa, domin gara ba ta cin ta da sauƙi.

Ramukan da aka ɗebi ƙasa a ciki su ne suka zama kududdufai. Su ma suna da amfani, domin suna tara ruwan damina, su rage ambaliya a cikin gari.

Ƙofofi Bakwai

Sanannun tsofaffin ƙofofin Katsina guda bakwai ne. Ga sunayensu, mai karatu ya gwada karanta su da ƙarfi:

1. Ƙofar Ƙaura
2. Ƙofar Ƙwaya
3. Ƙofar 'Yanɗaka
4. Ƙofar Guga
5. Ƙofar Sauri
6. Ƙofar Durɓi
7. Ƙofar Marusa

A da kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa. In dare ya yi, yakan rufe ƙyaure, ba shiga ba fita sai gari ya waye. Baƙon da ya makara sai ya kwana a waje.

Wasu ƙofofin sunayen manyan masu sarauta gare su. Ƙauran Katsina shi ne hakimin Rimi. Durɓin Katsina shi ne hakimin Mani. 'Yanɗakan Katsina shi ne hakimin Dutsin-Ma. Su ukun, tare da Galadiman Katsina na Malumfashi, su ne masu zaɓen sarki. Mutumin ƙasar Dutsin-Ma da ya tsaya a Ƙofar 'Yanɗaka, a ƙofar da ke ɗauke da sunan sarautar hakiminsa ya tsaya. Wannan ya nuna birni da karkara tun asali a haɗe suke.

Abin Da Ganuwa Ta Gani

A lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mayaƙan jihadi sun tsare birnin Katsina har yunwa ta tsananta a ciki. A wajen 1807 birnin ya faɗa hannunsu, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Zuriyar tsofaffin sarakuna suka yi arewa, suka kafa mulki a Maraɗi, wadda ke ƙasar Nijar a yau. Daga can suka riƙa kawo hari ƙasar Katsina shekaru da yawa. Saboda haka garuruwan karkara da dama su ma suka kewaye kansu da ganuwa ko kafi.

A 1851 wani Bature ɗan ƙasar Jamus mai suna Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarimu, ya zo Katsina. Ya rubuta cewa ya tarar da ganuwa mai girma, amma mutanen ciki ba su fi 7,000 zuwa 8,000 ba. Yaƙe-yaƙe sun sa fatake da yawa sun koma Kano. Saboda ya rubuta abin da ya gani, har yau ana karanta shi. Wannan shi ne amfanin rubutu.

A 1903 Turawan Ingila, ƙarƙashin Lugga, suka shiga Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka. Tun daga nan aikin ganuwa na tsaro ya ƙare, domin katangar ƙasa ba ta tare igwa. Aka daina gayyar gyaranta kamar da.

Hasumiyar Gobarau

A tsakiyar tsohon birni akwai wani dogon gini na ƙasa da ake kira Gobarau. Tsayinsa kimanin mita 15 ne, watau ƙafa 50. In mutum tara suka hau kan juna, sa'an nan za su kai samansa. Tarihi ya danganta shi da zamanin Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne Sarkin Katsina Musulmi na farko. Ke nan asalin ginin ya haura shekara 500.

Gobarau hasumiyar babban masallacin gari ce a wancan zamani. Ladan yakan hau samanta ya kira salla. Masu tsaro kuma sukan hau su hangi ƙurar dawakin abokan gaba tun suna nesa, a yi maza a rufe ƙofofi. Ta haka hasumiya da ganuwa suka riƙa aiki tare: ɗaya tana gani, ɗaya tana tarewa.

Gobarau wurin karatu ce kuma. A wajen 1493 babban malamin nan Shehu Almagili, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, ya zo Kano da Katsina. Bayansa Katsina ta yi suna wajen ilmi. A ƙarni na 17 ta fitar da manyan malamai irin su Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani. Masallacin ya rushe tuntuni, amma hasumiyar na tsaye, domin an riƙa yi mata gyara. Tana cikin kayan tarihin da Gwamnatin Tarayya ta sa wa dokar kariya.

Me Ke Cinye Ganuwa?

Abu na farko ruwan sama ne. Kowace damina tana zaizaye ginin ƙasa, in ba a sabunta yaɓe. Na biyu, masu ɗibar ƙasa. Mutum yakan zo da amalanke ko jaki ya sari jikin ganuwa don ya yi tubali, yana ganin ɗan kaɗan ne. Amma da ɗan kaɗan ɗin mutum dubu ake cinye tudu. Na uku, gine-gine. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a ran 23 ga Satumba, 1987, gari ya yi ta faɗaɗa, aka gina gidaje da shaguna a inda ganuwa take. Na huɗu, zubar da shara a gindinta.

Yau abin da ya rage guntaye ne nan da can, wasu kamar tudun ƙasa kawai. Yawancin ƙofofin an sabunta su, an faɗaɗa su don motoci. Titi da kasuwa abin bukata ne. Amma abin da aka rushe na shekara 500 ba a mayar da shi da kuɗi.

Yadda Wasu Suka Riƙe Nasu

A garin Agadas na ƙasar Nijar akwai hasumiyar ƙasa mai tsayin mita 27. An gina ta a 1515, aka sabunta ta a 1844. A 2013 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. A garin Jenne na ƙasar Mali kuma akwai babban masallacin ƙasa. Kowace shekara mutanen garin, maza da mata da yara, sukan fito su yi masa sabon yaɓe. Ba wani sirri gare su ba illa gayya. Ginin ƙasa kamar gona yake: wanda ake kula da shi shi ke daɗewa.

Abin Da Mai Karatu Zai Iya Yi

In ya je Katsina, ya keɓe rabin yini ya tafi da 'ya'yansa. Su ga Gobarau, su nemi izinin masu kula da wurin kafin su hau. Su je gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, makarantar da Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Su karanta allon kowace ƙofa da suka wuce.

A gida kuma, ya tambayi dattawa ko garinsu ya taɓa yin ganuwa ko kafi. Ina ta bi? Ƙofa nawa gare ta? Mene ne sunayensu? Ya rubuta amsa a littafinsa, da sunan gari da kwanan wata, ya kai wa malamin aji. In akwai saura a gefen gona, kada a nome shi, kada a ɗebi ƙasarsa. In aka ga ana sararsa, a sanar da mai unguwa ko dagaci. Dattijon da ya san labarin ba zai dawwama ba, amma rubutu yana zama.

Sababbin Kalmomi

Ganuwa: katangar da ta kewaye gari.
Hasumiya: dogon gini da ake kiran salla a kai.
Kafi: shingen itatuwa da ake kewaye gari da shi.
Ƙarni: shekara 100.

Tambayoyi

1. Da me ake gina ganuwa?
2. Me ya sa aka bar gonaki a cikin ganuwa?
3. Rubuta sunayen ƙofofi huɗu na Katsina.
4. Waɗanne ayyuka uku Gobarau ta yi?
5. Daga 1903 zuwa 1987 shekara nawa ke nan?
6. Rubuta layi biyar a kan wani tsohon wuri na garinku.

Allah ya ƙara basira, ya ba da damina mai albarka, amin.