Darasi: Yadda Bergner Ke Koyar da Zanen Bango a Sansanonin Gudun Hijira

Joel Bergner mai zane ne kuma malami, ɗan ƙasar Amurka. A shekarar 2013 ya fara koyar da yara zanen bango a sansanin Za'atari na ƙasar Jodan, wanda aka buɗe a 2012 domin mutanen Siriya da yaƙi ya raba da gidajensu. Daga baya shi da abokin aikinsa Max Frieder suka kafa ƙungiyar Artolution, wadda ta kai wannan aiki sansanonin 'yan Rohingya a Bangaladash da matsugunin Bidi Bidi na Yuganda, inda mutanen Sudan ta Kudu ke zaune.

Babban abin koyi a wajensa shi ne, ba ya zuwa da zanensa a aljihu. Yakan fara zama da yara da matasa, su faɗi abin da ke ransu, su zana a takarda, sannan a haɗa zanen kowa ya zama hoto guda. Yakan kuma horar da masu zane daga cikin mazauna sansanin, domin aikin ya ci gaba bayan baƙo ya tafi. Bangon da kowa ya sa wa hannu, kowa zai tsare shi.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Maginan Zariya da Kano da Damagaram sun daɗe suna ƙawata fuskar soro da dagi da sauran zane-zane. A sansani kuwa amfaninta ya wuce ado. Yaron da ya ga tashin hankali ya kasa faɗa da baki, sau da yawa yakan iya fitar da shi da fensir. Wanda bai iya karatu ba kuma, hoton wanke hannu da sabulu a jikin makewayi zai fahimtar da shi yadda ake guje wa amai da gudawa.

Ga matakan aikin:

1. Neman izini. A tuntuɓi hukumar sansani da shugabannin unguwa da malaman addini kafin a taɓa bango. Idan jama'a ba su yarda da hoton mai rai ba, a yi bishiyoyi, gonaki, rijiya, rubutu ko dagi.

2. Shawara. A zauna da yara maza da mata, kowa ya zana abin da yake so. Kada a zana fuskar wani da za a iya gane shi, ko sunansa, ko garinsu, saboda tsaron lafiyarsa. Kada a zana bindiga ko alamar wata ƙungiya.

3. Gyaran bango. A kankare shi, a toshe tsaga, a shafa farar ƙasa ko farin fenti, a bari ya bushe sarai.

4. Ɗaukar zane. A raba takardar gida-gida kamar gidan dara, a raba bangon da gawayi zuwa gidaje daidai wannan adadi, amma manya. Abin da ke gida na uku a takarda, shi za a zana a gida na uku a bango. Da haka ƙaramin zane ke girma bai karkace ba.

5. Shafa launi. Ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, da fari da baƙi, sun isa. Shuɗi da ruwan ɗorawa su ba da kore, ja da ruwan ɗorawa su ba da ruwan lemo. A fara da launi mai haske, a bi da mai duhu, baƙin layi ya zo ƙarshe. Ƙanana su shafa ƙasa, manya su hau sama.

A yi aikin da rani, da safe ko bayan la'asar, domin zafin rana na busar da fenti tun a burushi. A ba yara fentin ruwa kaɗai, kuma su wanke hannu kafin cin abinci, domin wani fentin mai yana ɗauke da dalma, wadda guba ce ga yara.

Aikin gwaji: iyaye da malamai, ku ba yaranku takarda ku tambaye su, "Me kuke so baƙo ya fara gani idan ya shigo unguwarmu?" Ku adana abin da suka zana, ku kai wa malaman makaranta ko masu kula da dandalin yara, domin a tattauna wane bango za a fara da shi.